Kwantiragin OG Anunoby na dala miliyan 212.5 da New York Knicks: tambayoyi da amsoshi

A ƙarshen watan Yunin 2024 aka ji labarin cewa ƙungiyar New York Knicks ta amince ta biya OG Anunoby dala miliyan 212.5 a cikin shekara biyar, kwantiragi mafi tsoka da ƙungiyar ta taɓa ba wani ɗan wasa zuwa lokacin. Masu bin ƙwallon kwando ta NBA sun rabu biyu a kai. Wasu suka ce an yi ɓarnar kuɗi a kan mutumin da ba ya cin maki da yawa, wasu suka ce ko nawa ya nema dole a ba shi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi game da wannan ciniki. Ni ina cikin masu ganin Knicks ta yi daidai, amma daidai mai tsada, kuma zan faɗi inda tsadar ta fito.

Wane ne OG Anunoby, kuma ta yaya ya zo New York?

Cikakken sunansa Ogugua Anunoby. An haife shi a Landan ranar 17 ga Yulin 1997, iyayensa 'yan Najeriya ne, Inyamuran asali. Yana ɗan shekara huɗu suka koma Amurka, garin Jefferson City a jihar Missouri, inda mahaifinsa ya koyar a jami'a. Ya yi wasa a Jami'ar Indiana, ya ji mummunan rauni a gwiwa a farkon 2017, wanda ya sa ƙungiyoyi da dama suka ja baya da shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar. Toronto Raptors ta ɗauke shi a lamba ta 23. Shugaban Raptors a lokacin shi ne Masai Ujiri, wanda ya taso a Zariya kuma a can ya fara buga kwando.

Yana cikin tawagar Toronto da ta ci kofin NBA a 2019, ko da yake bai buga wasannin fitar da zakara ba saboda tiyatar da aka yi masa a ciki daf da fara su. A kakar 2022 zuwa 2023 shi ya fi kowa ƙwace ƙwallo a gasar. Ranar 30 ga Disamban 2023 Toronto ta miƙa shi ga Knicks tare da Precious Achiuwa, haifaffen Fatakwal, da Malachi Flynn. Ita kuma ta karɓi RJ Barrett da Immanuel Quickley da damar zaɓe ɗaya a zagaye na biyu na zaɓen sababbin 'yan wasa.

Tunda yana da kyau haka, me ya sa Toronto ta rabu da shi?

Saboda ta hango ba za ta iya riƙe shi ba. A Disamban 2020 ya sa hannu a kwantiragin shekara huɗu kan dala miliyan 72, kuma shekarar ƙarshe zaɓinsa ce: ya ga dama ya zauna a kan kusan miliyan 20, ya ga dama ya fita kasuwa. Kowa ya san fita zai yi.

Toronto na iya tsawaita masa kwantiragin kafin ya ƙare, amma dokar gasar ta ɗaure hannunta. Idan za a tsawaita kwantiragin tsohon ɗan wasa, albashin shekarar farko ba zai wuce kashi 140 cikin ɗari na albashinsa na baya ba. Anunoby na karɓar kusan miliyan 18 da rabi, don haka iyakar abin da za a iya ajiye masa a gaba shi ne kusan miliyan 117 a shekara huɗu. Shi da wakilansa sun san kasuwa za ta ba shi fiye da haka nesa ba kusa ba. Ga shi kuma a bazarar 2023 Toronto ta ɗanɗana ɗacin irin wannan: Fred VanVleet ya kammala kwantiraginsa ya tafi Houston, ba ta samu ko sisi a madadinsa ba. Ujiri bai yarda a maimaita ba. Makonni kaɗan bayan tafiyar Anunoby ya miƙa Pascal Siakam ɗan Kamaru ga Indiana bisa irin wannan dalili.

Yaya aka tsara biyan kuɗin?

Ba a raba shi daidai wa daida ba. Shekarar farko, wato kakar 2024 zuwa 2025, kusan miliyan 36.6 ne. Daga nan yana ƙaruwa da kashi takwas cikin ɗari na albashin farko duk shekara: kusan 39.6, sai 42.5, sai 45.4, sai 48.4 a shekara ta biyar. Ita shekara ta biyar zaɓinsa ce, kamar yadda ya samu a Toronto. Akwai kuma sharaɗin ƙarin kuɗi idan Knicks ta musanya shi zuwa wata ƙungiya.

Mutumin da ke cin maki 14 a wasa, bai taɓa shiga wasan taurari ba a lokacin, ta yaya zai kai wannan kuɗi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, kuma mai yin ta bai yi laifi ba, domin maki ne abin da ido ke fara gani. Amma a NBA ta yanzu masu cin maki sun yi yawa. Abin da ke wuyar samu shi ne mutum ɗaya da zai iya tsare ɗan wasan da ya fi kowa haɗari a ƙungiyar abokan karawa, gajere ne mai gudu ko dogo ne mai ƙarfi, sannan idan ƙwallo ta dawo hannun ƙungiyarsa ya tsaya a kusurwa ya jefa mai maki uku ta shiga, ba tare da ya nemi a riƙa ba shi ƙwallo kowane lokaci ba. Tsayin Anunoby ya ɗan haura mita biyu, faɗin hannayensa idan ya buɗe su ya kusa mita biyu da santimita 20, ga nauyin jiki. Yau za ka gan shi a kan mai rarraba ƙwallo, gobe a kan ɗan tsakiya. A karawarsu da Philadelphia a wasannin fitar da zakara na 2024, koci Tom Thibodeau ya ɗora shi a kan Joel Embiid a ƙarshen wasa na huɗu, mutumin da ya fi shi tsayi da nauyi sosai, kuma Knicks ta ci wasan.

Sai kuma lissafin da shugabannin Knicks ba za su iya kawar da kai daga gare shi ba. A wasanni 23 da ya buga musu a kakar farko, sun ci 20, an ci su uku kawai. Sun gama kakar da nasara 50, na biyu a yankin Gabas. A zagaye na biyu na wasannin fitar da zakara, da Indiana, sun ci wasa biyu na farko yana cikin fili, ya ci maki 28 a wasa na biyu kafin ya ji ciwo a bayan cinya. Daga nan Indiana ta ci huɗu cikin biyar da suka rage. Ba shi kaɗai ne ya ji rauni ba, Julius Randle da Mitchell Robinson ma ba sa nan, don haka ba adalci ba ne a ɗora komai a kan rashinsa. Duk da haka wanda ya kalli wasannin ya ga yadda bayan Knicks ya buɗe da ya fita.

Akwai wani abu kuma da ake mantawa. A NBA ba da yawan miliyoyi ake auna tsadar ɗan wasa ba, da kason da ya ci daga iyakar albashi ake aunawa. Iyakar ta kakar 2024 zuwa 2025 ita ce kusan miliyan 140.6. Albashin Anunoby ya ci kusan kashi 26 cikin ɗari. Ɗan wasan da ya yi shekara bakwai a gasar kamarsa yana iya karɓar har kashi 30, wanda da zai kai kusan miliyan 245 a shekara biyar. Ashe bai ma kai ƙololuwar abin da doka ta yarda a ba shi ba.

Mece ce iyakar albashi, kuma ta yaya Knicks ta iya biyansa alhali ta riga ta cika?

Tun kakar 1984 zuwa 1985 NBA ke sa wa kowace ƙungiya adadin da jimillar albashin 'yan wasanta bai kamata ya wuce ba. Ana lissafa adadin ne daga kuɗin shigar gasar, wanda 'yan wasa ke da kusan rabinsa bisa yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadagonsu ta ƙulla da masu ƙungiyoyi. Sai dai iyakar tana da ƙofofi. Mafi girma a ciki ita ce wadda ake kira haƙƙin Bird, daga sunan Larry Bird na Boston: ƙungiya na iya tsallake iyaka domin ta sabunta wa ɗan wasanta, idan ya yi shekara uku ba tare da ya sauya ƙungiya da kansa ba. Idan musanya shi aka yi, haƙƙin yana bin sa zuwa sabuwar ƙungiyar.

Nan ne hikimar cinikin Disamba take. Knicks ba watanni shida na wasan Anunoby kawai ta saya da Barrett da Quickley ba, har da wannan haƙƙi ta saya. Da shi ne take iya ba shi shekara biyar da ƙarin kashi takwas duk shekara, alhali duk wata ƙungiya iyakarta shekara huɗu da ƙarin kashi biyar.

To da sun bar shi ya tafi, ba sai su ɗauki 'yan wasa biyu ko uku da miliyan 36 ɗin ba?

A'a, kuma duk wanda ya fahimci wannan ya fahimci kwantiragin baki ɗaya. Wannan miliyan 36 ba kuɗi ba ne da ke ajiye a asusu ana neman wanda za a ba. Izini ne na kashewa, kuma da sunan Anunoby kaɗai aka rubuta shi. Ranar da ya sa hannu a wata ƙungiya, izinin ya mutu.

Mu duba yadda littafin Knicks yake a wannan mako. Kwana ɗaya kafin labarin Anunoby ta cimma yarjejeniyar karɓo Mikal Bridges daga Brooklyn. Idan aka haɗa albashin Jalen Brunson da Randle da Bridges da Josh Hart da Robinson da Donte DiVincenzo, mutum shida kawai, an ɗan haura miliyan 120 daga cikin 140.6, kuma ba a lissafa sauran 'yan benci ba. Ko da Anunoby ya tafi, babu wani fili na a zo a gani. Babbar ƙofar da za ta rage mata ta ɗauko wani daga waje ita ce ta matsakaicin albashi, wadda a shekarar ba ta kai miliyan 13 ba. Da miliyan 13 ana samun ɗan wasa mai amfani, amma ba a samun wanda zai tsare Jayson Tatum, tauraron Boston, a watan Mayu, lokacin wasannin fitar da zakara.

Don haka zaɓin da ke gaban shugaban ƙungiyar, Leon Rose, ba tsakanin Anunoby da wani mai rahusa ba ne. Zaɓin shi ne ko a biya shi, ko a rasa shi a banza bayan an riga an ba da 'yan wasa matasa biyu dominsa, sannan an zuba damar zaɓe biyar ta zagayen farko a kan Bridges domin a haɗa su su biyu a tsaron gefe. Wanda ya riga ya gina gida ya kai linta ba ya tsayawa cinikin kwanon rufi da damina a kansa. Wakilan Anunoby sun san haka sarai, kuma wannan sanin yana cikin farashin. Ina ganin wani kaso na kuɗin ladan ƙwarewarsa ne, wani kason kuma kuɗin rashin mafita ne, kuma babu abin kunya a cikin ko wanne. Haka dokar ta tsara kasuwar.

Akwai wata ƙungiya da gaske da za ta iya ƙwace shi?

Akwai. Ƙungiyoyi kaɗan ne ke da fili a ƙarƙashin iyaka a wannan bazara, amma guda ɗaya ta isa ta ɗaga farashi. Philadelphia, wadda Knicks ta fitar makonni kaɗan kafin nan, tana da filin da zai ɗauki cikakken albashi mafi girma, kuma ɗan wasan gefe take nema. Iyakar abin da wata ƙungiya za ta iya ba Anunoby shi ne kusan miliyan 182 a shekara huɗu, wato sama da miliyan 45 a shekara. Knicks ta ba shi ƙasa da haka a kowace shekara idan aka raba, 42.5, amma ta ƙara masa shekara ta biyar. Ga mutumin da ya sha jinya, tabbacin shekara guda ƙari ba ƙaramin abu ba ne. Kwanaki kaɗan bayan haka Philadelphia ta ba Paul George kusan miliyan 212 a shekara huɗu, yana da shekara 34, alhali Anunoby bai cika 27 ba.

Idan haka ne, me ya sa suka kasa riƙe Isaiah Hartenstein?

Wannan shi ne ɗaya gefen dokar, kuma ya faru a mako ɗaya da na Anunoby. Hartenstein ya zo Knicks a 2022 a kwantiragin shekara biyu kan miliyan 16. Da Robinson ya ji rauni a idon sawu, shi ya karɓi tsakiya, kuma ya yi rawar gani a tare ƙwallo da rarraba ta. Amma shekara biyu kawai ya yi, bai kai ukun da ke ba da cikakken haƙƙin Bird ba. Ƙaramin haƙƙi Knicks ke da shi a kansa, wanda ya tsayar da ita a kusan miliyan 72.5 a shekara huɗu. Ko da mai ƙungiyar ya so ya ƙara daga aljihunsa, doka ba ta yarda ba.

Oklahoma City na da fili, ta ajiye masa miliyan 87 a shekara uku. Kusan miliyan 29 a shekara ke nan, a gefe guda kuma miliyan 18. Ya tafi, kuma a Yunin 2025 ya ɗaga kofin NBA da su. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan, shekarun ɗan wasa a fili ƙididdigaggu ne.

Rashinsa ne ya bar Knicks babu ɗan tsakiya mai lafiya gab da fara kaka, abin da ya kai ta ga musayar da ta kawo Karl-Anthony Towns daga Minnesota a farkon Oktoban 2024, aka ba da Randle da DiVincenzo. Albashin Towns a shekarar ya kusa miliyan 50.

Ai mai Knicks attajiri ne, ga filin wasansu, Madison Square Garden, na cika kullum. Me zai hana shi biyan kowa?

A da, kuɗi kaɗai ke hana mutum. Bayan iyakar albashi akwai layin haraji, wanda a kakar 2024 zuwa 2025 yake kusan miliyan 170.8. Duk dalar da ƙungiya ta kashe sama da shi sai ta biya tara a kanta, tarar kuma tana ninkuwa yayin da ake ƙara nisa, tana kuma ƙara tsanani ga wadda ta saba wucewa shekara bayan shekara. Masu hannu da shuni irin su Golden State da Los Angeles Clippers sun riƙa biya suna wucewa abinsu.

Yarjejeniyar da aka ƙulla a 2023 ta sauya wannan. Ta ƙarfafa shinge na farko, wato wata iyaka da ke sama da layin haraji, ta kuma kafa na biyu sama da shi, a wannan kaka kusan miliyan 178.1 da miliyan 188.9. Hukuncin tsallake su ba kuɗi ba ne, ɗaure hannu ne. Wadda ta wuce shinge na farko ba ta karɓar albashi fiye da wanda ta fitar a musaya. Wadda ta wuce na biyu ba ta haɗa albashin mutum biyu don ta karɓo babba guda, ba ta saka tsabar kuɗi a ciniki, ta rasa ƙofar matsakaicin albashi gaba ɗaya, kuma ana daskarar da damarta ta zaɓen zagayen farko na shekara ta bakwai mai zuwa, ba za ta iya musanya ta ba. Idan ta daɗe a can, sai a tura wannan dama zuwa ƙarshen layi.

An ga tasirin nan da nan. Denver, zakarar 2023, ta bar Kentavious Caldwell-Pope ya tafi Orlando a 2024. Clippers ta bar George. Boston da ta ci kofi a 2024 ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis bayan shekara ɗaya. James Dolan, mai Knicks, na iya biyan tara komai yawanta, amma ba zai iya sayen izinin musaya ba. Ita Knicks ma, saboda yadda ta haɗa albashi a cinikin Bridges, doka ta hana ta tsallake shinge na biyu a wannan kaka ko da dala ɗaya, shi ya sa benci ya yi siriri har Thibodeau ya riƙa barin biyar na farko a fili tsawon mintuna masu yawa. Wannan ita ce tsadar da na ambata a farko. Ba a aljihun Dolan ta fito ba, a kan kujerun benci ta fito.

Mene ne haɗin Jalen Brunson da wannan magana?

Babba. A Yulin 2024 Brunson ya amince da tsawaita kwantiraginsa shekara huɗu kan miliyan 156.5. Da ya jira shekara ɗaya, yana iya neman kusan miliyan 269 a shekara biyar, bambancin kusan miliyan 113 a kan takarda. Gaskiya ne zai iya maido da wani ɓangare idan ya sake sa hannu da wuri, domin wanda ya cika shekara goma a gasar yana iya karɓar kashi 35. Amma a shekarun da ake magana, tauraron ƙungiyar yana karɓar ƙasa da Anunoby. Wannan rangwame ne ya bar wa Knicks numfashi ta ɗauki Towns da Anunoby da Bridges a lokaci guda. Bridges ma da ya sabunta a bazarar 2025 kan miliyan 150 a shekara huɗu, ya bar wani abu kaɗan daga iyakar da zai iya karɓa.

Wasu na amfani da wannan su zargi Anunoby da son kai. Ban yarda da su ba. Brunson shi ne fuskar ƙungiyar a birni mafi girman kasuwa a Amurka, ga tallace-tallace, ga tabbacin cewa wani babban kwantiragin na jiransa. Anunoby mutum ne mai shiru, mai tarihin rauni, wanda ya yi shekara uku yana karɓar ƙasa da darajarsa. Wannan ce damarsa mafi girma, ya riƙe ta.

Maganar raunin fa? Idan ya ci gaba da jinya, za su iya soke kwantiragin?

Ba za su iya ba. Kusan duk manyan kwantiragin NBA tabbatattu ne, ko ɗan wasa ya buga ko yana gadon asibiti za a biya shi, kuma albashin na ci gaba da cin gurbi a iyaka. Damuwar kuwa tana da tushe. A kakanni huɗu kafin ya sa hannu ya buga wasa 43, sai 48, sai 67, sai 50, a gasar da ake buga 82 a cikakkiyar kaka. Wata ɗaya da zuwansa New York aka yi masa aiki a gwiwar hannu.

Abin da doka ta yarda shi ne a sallami ɗan wasa a shimfiɗa sauran kuɗinsa a kan shekaru masu yawa, kamar yadda Milwaukee ta yi da Damian Lillard a Yulin 2025, inda za ta riƙa ɗaukar sama da miliyan 22 duk shekara har shekara biyar a kan mutumin da ba ya buga mata. Ba mafita ba ce da kowa ke so.

Ba za su iya sayar da shi kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa ba?

Babu kuɗin sayen ɗan wasa a NBA irin na Turai. Musaya ake yi, mutum da mutum ko mutum da damar zaɓe, kuma idan ƙungiyoyin sun wuce iyaka dole albashin da ya fita da wanda ya shigo su yi kusa da juna. Ɗan wasa kuma yana tafiya da kwantiraginsa yadda yake. Shi ya sa kwantiragi mai kyau kadara ce, mai muni kuma kaya ne da sai an haɗa da damar zaɓe kafin wani ya karɓa.

Duk miliyan 212.5 ɗin aljihunsa za su shiga?

Ko kusa. Harajin gwamnatin tarayyar Amurka ga masu irin wannan samu ya kai kashi 37 cikin ɗari, ga harajin jiha, kuma New York na cikin masu tsada, ga wanda ake cira a jihohin da ya je wasa. Wakili na iya karɓar har kashi huɗu. Gasar kuma tana riƙe wani kaso na albashin kowa har a kammala lissafin shekara. A ƙiyasi, kusan rabi ne ke isa hannu.

To kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

A shekarar farko, ta biya. Ya buga wasa 74, ya ci maki 18 a kowane wasa, mafi yawa a rayuwarsa ta NBA zuwa lokacin, har da maki 40 a Denver a watan Nuwamba. Knicks ta ci wasa 51, ta fitar da Detroit, ta fitar da Boston mai riƙe da kofi a wasa shida, ta kai wasan ƙarshe na yankin Gabas karo na farko tun 2000. Can Indiana ta sake tsayar da ita, kwanaki kaɗan bayan haka aka sallami Thibodeau aka kawo Mike Brown. Shekara ɗaya ba ta isa a yanke hukunci a kan kwantiragin shekara biyar ba, musamman ga mai irin tarihin lafiyarsa, amma abin da aka saye shi dominsa, wato tsayawa gaban Tatum da Jaylen Brown na Boston a lokacin da ya fi muhimmanci, ya yi shi.

Za su iya riƙe shi har ƙarshen kwantiragin?

Abu biyu ne za su yanke wannan. Na farko yana taimakon Knicks. A Yulin 2024 NBA ta ƙulla yarjejeniyar nuna wasanni ta shekara 11 da Disney da NBC da Amazon, wadda darajarta ta haura dala biliyan 75. Doka ta yarda iyakar albashi ta tashi har kashi goma a shekara, kuma a kakar 2025 zuwa 2026 ta tashi da cikakken goman zuwa kusan miliyan 154.6. Albashin Anunoby yana ƙaruwa da kusan miliyan uku ne kawai duk shekara, don haka duk shekarar da iyaka ta fi shi saurin tashi, kasonsa yana raguwa. A shekara ta biyu ya sauko ƙasa da kashi 26.

Na biyu yana gāba da ita. Towns da Anunoby da Brunson da Bridges da Hart, su biyar, suna cinye mafi yawan abin da ke ƙasa da shinge na biyu, kuma albashin kowannensu hawa yake. Idan wata rana lissafi ya ƙi, wani daga cikinsu zai tafi. Hasashena shi ne ba Anunoby za a fara taɓawa ba muddin yana da lafiya, domin aikinsa ne ya fi wuyar maye gurbi, kuma shi ne ke rufe gibin tsaron da Brunson da Towns ke bari. A bazarar 2028, yana cika shekara 31, zai zaɓi ko ya karɓi miliyan 48.4 na shekarar ƙarshe ko ya sake fita kasuwa. A lokacin ya haura shekara goma a gasar, kuma Knicks, idan yana hannunta, tana da cikakken haƙƙin Bird a kansa.